Gida a bakin tafkin Madarunfa: in saya ko in haƙura?

Malam_Alli: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nike nema. Baɗi in Allah ya kai mu zan aje alli, na kai lokacin ritaya. Har yanzu haya nike a unguwar Zariya, kuma kowa ya san yadda kuɗin fegi ya koma cikin Maraɗi, ya fi ƙarfin ɗan albashi. Wani dillali ya kai ni wani ƙauye gefen tafkin Madarunfa ya gwada mini gida: ɗaki 3 ginin ƙasa, zaure, rijiya a tsakar gida, mangwaro biyu. Bayan gidan akwai fili da ya gangara har bakin ruwa, ya ce cikin cinikin yake. Miliyan 2 da rabi suka yanke. Burina ɗan lambu, ƴan awaki, in huta da hayaniyar gari. Waɗanda suka san wurin, wanda ya saba da birni zai iya zama can? Kuma wace takarda ya kamata in riƙe kafin in ba da ko dala?

Ɗan_Gulbi: Wa alaikumus salam Malam. Wane wata ka je ka ga gidan?

Malam_Alli: Cikin Afrilu ne, ana tsakiyar zafi.

Ɗan_Gulbi: To Malam, tafkin rani ka gani. Na damina daban ne. Cikin bazara ruwa ya janye, bakin tafki ya bushe ya tsattsage, kana iya tafiya mai nisa bisa ƙasar da cikin Satumba jirgin masunta ke yawo a kanta. Gulbin Maraɗi da gulbin Gabi ne ke cika shi, in suka kawo sai ya bazu ya shige gonakin gefe. Filin nan da aka ce maka ya gangara har bakin ruwa, ina tsoron rabinsa gadon tafki ne. Kar ka biya sai ka koma ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ka tsaya ƙofar gidan da ƙafarka. In ba ka iya jira, duba gindin itatuwan da ke kusa da ruwa: akwai zoben laka da busasshiyar ciyawa da ruwa ke bari a jiki, nan ne iyakar da ya kai bara. Ka duba gindin katangar maƙwabta kuma, in ka ga sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa, ka san dalili.

Hajiya_Zogala: Malam, Allah ya sa ka gama lafiya. Duk cikin bayaninka ban ji inda ka ce uwargida ta je ta gani ba. Kai za ka zauna zaure kana shan iskar tafki, ita ce za ta sha daka da ɗiban ruwa da nisan ƴan uwa. Ka kai ta tukuna.

Mai_Shayi_Kadro: Hajiya ta taɓo wurin 😂 Malam, bikin dangi ɗaya in ya wuce ta saboda babu mota da yamma, kai da kanka za ka sa gidan kasuwa.

Sakatare_Kofo: Malam, ranka ya daɗe, na daɗe cikin aikin ƙasar karkara, bari in ba ka abin da na sani daki-daki, kowa ma ya amfana.

Tun dokar Code Rural ta 2 ga Maris 1993, mallakar gargajiya, wato gonar da mutum ya gada daga kaka da kakanni, tana da ƙarfi a gaban shari'a daidai da mallakar takarda. Don haka in mai gida ya ce maka ba shi da takarda ko ɗaya, wannan kaɗai bai sa ya zama maƙaryaci ba, yawancin gidajen ƙauye haka suke. Abin da ake yi shi ne a je wurin kwamitin ƙasa na ƙauyen, COFOB, wanda mai gari ke shugabanta. A tara mai sayarwa, da kai, da maƙwabtan iyaka na kusurwa huɗu, da shaidu, a taka iyakar da ƙafa, sannan a cika takardar saye da sayarwa, mai gari ya sa hannu. Kwafi ya tafi COFOCOM, kwamitin ƙasa na komin, ya kai har COFODEP, kwamitin ƙasa na gundumar Madarunfa. In kana son ka ƙara ƙarfi, ka nemi a auna wurin a shigar da shi kundin ƙasa. In kuwa fegi ne cikin garin Madarunfa inda aka yanka filaye, takardar meri za ka nema, ka je da kanka a buɗe rajista a ga sunan wa ke ciki.

Amma ga inda na fi son ka buɗe kunne. Tafki ba na kowa ba ne, dukiyar al'umma ce. A doka, gadon tafki har inda ruwa ke kaiwa in ya cika, da mita 25 bayan wannan iyakar, na hukuma ne. Mutane suna noman rani a wurin in ruwa ya janye, iyayensu ma sun yi, ba wanda ya hana su. Amma noma daban, sayarwa daban. Wanda ya saida maka har bakin ruwa ya saida maka abin da bai mallaka ba, kuma ba takardar da za ta tsaya maka ranar da aka tashi.

Malam_Alli: Allah ya saka da alheri Sakatare. Dillalin ya ce mini mai gari ya riga ya sani, takardar hannu da shaidu biyu ta isa.

Sakatare_Kofo: Sanin mai gari a baki ba ya shiga aljihu. Ka je gidansa da kanka, ba tare da dillalin ba.

Magajiya_227: Ni tambayata ɗaya: mai sayarwar nan, shi ya gina gidan ko gado ya ci? In gado ne, an raba? Su nawa ne? Akwai mata cikin magada? Ina faɗin haka don ya faru da mu. Babban wanmu ya saida gonar mahaifinmu ta fadama muna gidajen aurenmu, ba wanda ya neme mu. Mai saye bawan Allah ne, ya kafa danni, ya yi rijiya, ya dasa lemu. Da muka tashi neman haƙƙinmu aka je gaban sarki, aka kasa sasantawa, aka wuce gaban alƙali. Shi mai sayen bai yi mana laifin komai ba, amma shi ya fi kowa shan wahala, lemunsa suna ƴaƴa yana zaryar kotu. Malam, ka sa a jero maka sunan magada duka, har wanda ya tafi bida Libiya ko Agadas, har ƴar da ke aure Jibiya. Kowa ya sa hannu ko ya aiko wakili a gaban liman.

Ustaz_Bagalam: Maganar ƴar uwa gaskiya ce. Kuma a mazhabar Malikiyya akwai shuf'a: in abokan tarayya suna da gida ko gona da ba a raba ba, ɗaya ya saida kasonsa ga bare, sauran suna da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe. A kiyaye. Sannan a bincika ko filin yana hannun wani a jingina, don sau da yawa wanda ke noma wuri ba shi ne mai shi ba.

Ɗan_Sarkin_Ruwa: Ni can aka haihe ni, can nike, su muka gada. Ina karanta ku tun ɗazu kamar wurinmu wani ramin masifa ne. Malam, zo abinka. Da asuba in an fito salla za ka ga jirage sun dawo, mata na jira da kwanoni bakin gaɓa, karfasa na motsi cikin kwando tana buɗe baki, tarwaɗa kuwa sai an buge ta kahin ta kwanta. Kihin da kuke saye Maraɗi da rana ya sha hanya ya sha ƙuda, mu nan daga ruwa sai tukunya. Da sanyi tsuntsaye ka zo daga nesa su ruhe ruwan, kirinjijiya na kuka har dare. Cikin zahin Afrilu da kuke kwana bisa daɓe kuna juyi, mu iska na hurowa daga ruwa. Gidajen da ka cin ruwa an san su, kuma masu su sun sani tun ranar da suka gina. Tsohon gari bisa tudu yake, kakanninmu ba wawaye ba ne. In gidan da aka gwada maka cikin tsohon gari yake, kwanta da minshari. In can gangare ne inda babu tsohuwar kuka ko tsamiya kusa, to ka tambayi mi ya hana mutanen da zama wurin.

Abu guda: kar ka zo da koma ka ce za ka shiga ruwa don ka sayi gida. Su yana da sarki, yana da takardar ƴan gandun daji.

Mai_Shayi_Kadro: Ɗan Sarkin Ruwa ka manta ba ka ambaci sauro ba, ko shi ma yana da sarki?

Ɗan_Sarkin_Ruwa: Sauron Bagalam da Mokoyo fa? Na gota ne, ya hi namu mugunta.

Infirmiya_A: Ku bar wasa da wannan. Na yi aiki a likitar karkara cikin yankin. Daga Agusta zuwa Oktoba gadaje cika suke yi da yara masu masassara, wasu jini ya ƙare sai an ƙara musu. Ko'ina cikin jihar haka ne, amma kusa da ruwa sauro ya fi daɗewa bayan damina. Gidan sauro ga kowa, ba ga yara kaɗai ba, kuma in masu rabon maganin rigakafi na damina sun zo, a ba ƴan ƙasa da shekara 5 duk zagayen, kar a tsallake. Na biyu tsargiya. Yaro in yana wanka cikin tafki, za ka ga ƙarshen fitsarinsa da jini, a ƙauye har wasu na ɗauka alamar girma ce. Cuta ce, daga ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa take fitowa ta shiga fata, kuma tana da magani. Na uku rijiyar tsakar gidan nan. Inda ruwan ƙasa ke kusa, masai da rijiya suna gaisawa ta ƙarƙashi. Ku tuna kwalarar 2018, gundumar Madarunfa ta fi ko'ina jin jiki. Malam, ka auna taku nawa ne tsakanin rijiyar da masan gidan, da na maƙwabta. Kuma tunda shekaru sun fara ja, in kana da hawan jini ko suga, ka lissafa yadda za ka kai Maraɗi ƙarfe 2 na dare.

Magini_Bourja: Ga ta magini. Ƙasar fadama laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsuke. Gini bisa kanta ko na siminti ne sai ya tsage, tsagar tana tasowa daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Jigawa ta fi sauƙin sha'ani. In ka koma, ɗauki ƙusa ka soka gindin bango daga ciki, bayan gado ko bayan randa inda ba a gyara don baƙo. In ta shige kamar cikin tuwo, danshi ya gama da shi. Ɗaga kai ka buga azara da sanda ka ji ko gara ta cinye cikinta. Ni a ganina kuɗin fili da mangwaro za ka biya, ɗakunan ka ɗauka kyauta ne, don ko ba daɗe sai ka tada su ka yi tushe na dutse, ka ɗaga daɓe sama da ƙasar waje. Kuma ka sa kuɗin ɗauko siminti da ƙarfe daga Maraɗi cikin lissafi. Yashi ne kaɗai ba za ka nema ba.

Tsohon_Soja: Duk kun bar babbar magana. Tsaro. Ƴan bindigar da ke ƙetarowa daga dazukan Katsina da Zamfara sun daɗe suna addabar ƙauyukan Gabi, Ɗan Isa, Safo da Sarkin Yamma, su kore shanu, su ɗauki mutum sai an biya. Baƙon da ya zo daga birni ya yi ginin siminti da fenti tsakiyar gidajen ƙasa, yana karɓar fansho, ai ya rubuta sunansa a allo. Masu kai labari cikin gari suke.

Ɗan_Sarkin_Ruwa: Baba Soja, Allah ya ba ka nasara, ba mu musun abin da ka faru yankin iyaka da gefen dajin Babban Rafi. Amma Madarunfa hedikwata ce, ga farfe, ga jandarma, ga ƴan garda. Kar a yi mana kuɗin goro.

Tsohon_Soja: Malam bai ce cikin Madarunfa ba, ɗana. Ya ce wani ƙauye gefen tafki. Ya tambayi mutanen wurin yaushe rabon da su kwana daji, kuma ya tambayi mata, maza kunya suke ji.

Alhaji_Transit: Ni kam in Malam bai saya ba ya ba ni lambar dillalin. Ƙasa ba ta ruɓewa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Katsina da Jibiya zai shigo. Ranar da jirgi ya fara busa, duk filin da ke kudu da Maraɗi sai ya ninka. Kun manta yadda Ali Ɗan Sofo take da? Gonaki ne.

Ɗan_Gulbi: Alhaji, Malam wurin kwana yake nema, ba haja ba. Kuma mu da muka ga an rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 har da yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, ba mu gina lissafin tsufa bisa jirgin da bai iso ba.

Alhaji_Transit: An rufe, an buɗe. Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya, ba mai raba su.

Ɗalibar_UDDM: Gaisuwa ga iyaye. Ina karatun muhalli a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma tafkin nan muna zuwa aikin fili a kansa. Tun Disamban 2019 yana cikin jerin Ramsar, wato wuraren ruwa masu daraja ga duniya, da faɗin hekta 524. Tun 2006 kuma Nijar ta sa shi, tare da gandun dajin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99, cikin jerin da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce idon hukuma yana kan gaɓar fiye da da. Babbar matsalarsa kuwa cikewa da yashi da laka: ana sare itace, ana noma har baki, ruwan sama na kwaso ƙasa yana zubawa ciki. Tafki in ya cike ba ya riƙe ruwan da yake riƙewa, sai ya bazu gefe da damina ya kuma yi saurin janyewa da rani. Shi ya sa iyakar da tsofaffi suka sani tana iya canzawa. Akwai kuma dam ɗin Jibiya da aka gina a kan wannan gulbin namu. Tun daga lokacin zuwan ruwa ya dogara har da yadda ake sako shi daga can, duk da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa tsakanin ƙasashen biyu.

Kaka_Limanci: Ƴata kin yi karatu. Ni abin da na ji daga bakin mahaifiyata: Maraɗin farko cikin kwari take, gefen gulbi. Ruwan 1945 ya cinye ta, shi ya sa aka hau da gari bisa tudu inda muke yanzu. Gari guda da sarkinsa ya gudu daga bakin ruwa, kai kuma Malam za ka kwashi tsufanka ka gangara.

Ɗan_Sarkin_Ruwa: Kaka, a gafarce ni, ƙarshen Agustan 2024 ina ruwa ya yi ɓarna ya kashe mutane? Cikin Maraɗi, bisa tudun naku.

Kaka_Limanci: Ja'iri. Wannan na sama ne, da rashin magudana.

Baban_Sufi: Tunda an ambaci waliyyai, wurin nan mai albarka ne. Jama'a na zuwa ziyara daga nesa, har daga Najeriya. Wanda Allah ya ba maƙwabtaka da bayinsa na gari ya gode.

Ustaz_Bagalam: Albarka a wurin Allah ake nema, ba a kabari ba. Wa ya ƙirga su ma ya ce 99 ne?

Baban_Sufi: Ustaz, ba yau kuka fara ba.

Admin: Malamai, don Allah. Gida ake magana. Wanda ke son wancan babin ya buɗe nasa.

Ardo_Jikan_Jaɓɓi: Bari in sa baki kafin a rufe ni waje. Malam, ka ce awaki da lambu. Madalla. Amma ka duba filin da kyau, ko akwai sawun shanu da ya ratsa shi zuwa ruwa. Da rani dabbobin yankin duka nan suke sha, har da na masu wucewa. Burtali da mashaya dokar makiyaya ta 2010 ta kare su, ba a toshewa, ko da mai gona ya saida maka da su ciki. Sau da yawa ɗan gari ya san burtali ne, yana nomawa a hankali yana cin gefe, in ya saida wa baƙo sai baƙo ya zo da waya da siminti ya kewaye duka. Ranar da garke ya iso ya tarar da katanga, rigima ta tashi, a ce Bafillace ya yi ɓarna. In ka zo ka gaida mai gari, ka nemi ardon wurin shi ma ka gaisa. Nono ma sai ya fi maka araha.

Sakatare_Kofo: Ardo ya yi gaskiya, kuma akwai wakilin makiyaya cikin COFOB, a sa shi cikin masu taka iyaka. Na ƙara da gawo: in akwai shi cikin filin, ka saye ƙasa amma ba ka da ikon sare shi sai da izinin gandun daji.

Hajiya_Zogala: Na dawo kan lambun. Ni Jiratawa nike da ɗan wuri, zogala da albasa da tattasai. Malam, lambu ba hutu ba ne. Ban ruwa safe da yamma, injin ya ƙi tashi, man ya yi tsada, tsutsa ta sauka kan zogala cikin kwana biyu ta bar maka tsinke. Lokacin da tumatirinka ya nuna na kowa ya nuna, ka kai Kadro a yi maka tayin wulaƙanci, ga kuɗin mota. Wanda ya yi shekaru yana riƙe alli, bayansa ba zai ɗauki wannan ba, sai ka ɗauki yaro. In don na miya ne da motsa jiki, to, kwali biyu uku sun isa, kuma wannan ba ya buƙatar fili har bakin ruwa. Abin da na ga yana ci ga tsofaffin ma'aikata shi ne mangwaro da lemu da gwaba, su ba su son gaggawa.

Prof_CEG: Abokin aiki, yara fa? In akwai ƴan kwaleji da lise, ka san daga ƙauye sai keke ko a bar su gidan dangi cikin gari. Gida biyu ke nan a fansho ɗaya.

Malam_Alli: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Amsar wasu tambayoyin: autana ce kaɗai ta rage a lakkwal, tana aji 3 a kwaleji. Uwargida ƴar Safo ce, ita ta fi ni son komawa karkara, Hajiya ki kwantar da hankali, amma zan kai ta ta gani. Na kira dillalin kan maganar gado, ya ce gidan na marigayi ne, ɗansa babba ke sayarwa, sauran duk sun yarda. Da na ce zan jira Satumba sai ya ce akwai wani Alhaji daga Ɗan Isa da ya riga ya taya, in ban ba da kafin alƙalami wannan makon ba, shi ke nan.

Magajiya_227: "Sauran duk sun yarda." Kalmar da wanmu ya faɗa ke nan, harafi da harafi.

Mai_Shayi_Kadro: Alhajin Ɗan Isan nan na san shi, kowane dillali yana da irinsa cikin aljihu. Alhaji_Transit ko kai ne?

Alhaji_Transit: Ba ni ba ne wallahi 😂 Amma ku bar raina maganar, wani lokacin da gaske akwai mai taya. Na sha ganin mai jan ƙafa ya dawo ya tarar an zuba bulo. Malam, ba da ɗan abin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba, a rubuta gaban mai gari cewa in magada ba su cika ba a maido maka.

Sakatare_Kofo: Alhaji, kuɗin da ya shiga gidan gado kafin a raba, fitowarsa sai an sha rana. Ni ban ba da wannan shawara ba.

Gwaggo_Tibiri: Ni ban ga abin sauri ba. Ƙanena da ya bar aiki aron ɗaki ya yi a ƙauyen matarsa, ya ci damina guda can da iyalinsa kafin ya sayi komai. Cikin wannan zaman ya san wa ke faɗa da wa, wace hanya ke yankewa in an yi ruwa, wane gida ne ba a saye. Mutanen gari da kansu suka zo suka ce ga fili, ba dillali ba la'ada. A ƙauye ana saida wa baƙo abin da ɗan gari ya ƙi. In ka yi sallar asuba da su, ka je jana'iza da suna, ka koya wa yaransu karatu da yamma tunda malami ne kai, lissafin ya canza.

Tsohon_Soja: Wannan ta fi kama hankali. Kuma in ka ga ba dama, tabarmarka kawai za ka naɗe.

Alhaji_Transit: Shekara guda kuma farashi na jiranku ko?

Ɗan_Sarkin_Ruwa: Malam, turo mini sunan ƙauyen ta akwati, kar ka sa nan. In gefenmu ne na san gidan, na san marigayin, zan hwaɗa maka ko ruwa ya taɓa shiga zauren. In ƙetare ne ina da abokan su can. Amma ka sani, in ɗan uwana ne mai sayarwa zan ce maka ɗan uwana ne, sai ka nemi wani ka ƙara tambaya.

Magini_Bourja: In za ka koma ka ɗauke ni, kuɗin mai kawai. Ina son in ga tushen da idona.

Ɗan_Gulbi: Sakatare, tambaya kafin ka tafi. Mita 25 ɗin nan daga ina ake fara awo, daga inda ruwa ya kai a shekara mai ruwa kamar 2024, ko a shekarar da aka saba? Don in daga ta 2024 ce, gidaje da yawa sun shiga, ba na Malam kaɗai ba.

Sakatare_Kofo: Doka cewa ta yi iyakar cikarsa kafin ya yi ambaliya. A takarda magana ce mai sauƙi. A bakin tafki kuwa, in ka tara manomi da masunci da makiyayi ka ce su nuna maka wurin, sanda uku za a kafa. Malam ya nemi ma'aikacin génie rural, wato sashen ayyukan karkara, na COFODEP ya zo cikin masu awo, kuma abin da aka nuna a rubuta shi cikin takardar.

Prof_CEG: Ni ma baɗin waccan zan fita. Akwai wanda ya san yadda filaye suke wajen Jiratawa, gefen kwalta? Can ko ba tafki akwai wuta.